Alu, Mai Riga Ganga Shiga Gari

Da an sallame sallar asuba, Malam Alu zai ɗaure butarsa a bayan babur ya bar Dutsin-Ma shi kaɗai. Shekara ashirin da shida yana haka, ya fara da keke.

In an ce "ayarin 'yan wasa" a nan wajenmu, makaɗa ake nufi da masu ba da dariya da ke bin ƙauyuka bayan girbi. Abin da ke ba ni haushi ke nan. Ba mai sa Alu a cikinsu, wai don bai taɓa buga ganga ba. To, wa ke buɗe musu gari?

Shi ke riga su isa da kwana guda. Ya gaida mai gari da liman, ya tambaya ko an yi rasuwa, ko akwai majinyaci kusa da dandali. In akwai, ayari ya zarce gaba, ba gardama.

Bara gwiwa ta kwantar da shi. Mahmuda, shugaban ayarin, ya ce, "Baba Alu, ka huta, waya ma ta isa." Suka kira wani ɗan ƙauye na yankin Barkiya, ya ce su zo. Ashe mutumin yana Kaduna cin rani, rabonsa da gida wata biyu. Haka suka shiga gari da kalangu da guɗa ranar sadakar ukun mahaifiyar liman.

Gogo Rekiya, ƙanwar marigayiyar, ta ce mini, "Ɗan nan, muna rabon gumba muka ji kiɗa a ƙofar gida. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci." Aka kore su, ƙauyukan kewaye ma suka ce kada su sake ganinsu.

Kai ne ka sa aka ɗora ka a mota zuwa ƙauyen da wannan gwiwar, Malam Alu. Ka zauna a tabarmar makoki har sadakar bakwai, ba ka ambaci ayari ko sau ɗaya ba. Da ka tashi tafiya liman ya riƙe hannunka ya ce, "Mun yafe, Malam Alu. Amma in ba mu ga babur ɗinka ba, kada mu ji ganga."

Mun gode, mai share hanya. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da alheri.

Ku kuma 'yan ayari, kullum gardamarku wa zai gaji babbar ganga. Ɗayanku ya ajiye kiɗa, ya je zauren Alu ya koyi yadda ake sallama a garin mutane tun yana da ƙarfin koyarwa. Ga girbi ya ƙarato, ƙauyukan nan babur suke jira, babur kuwa yana jingine a zaure tun bara.