Ƙarƙashin Matakalar Bene

Baba Mai Guga ya tsufa ne a ƙarƙashin matakalar wani gidan bene, ɗan lungu wanda in ka miƙe da garaje sai ka ƙume kai. Teburi ɗaya, dutsen guga na gawayi, kwanon ruwan yayyafi, sai igiyar rataye kaya, shi ke nan dukiyar. Amma a nan ya goge rigunan da suka kai 'ya'yansa makaranta. Tun da matarsa ta rasu, gida ya zame masa wurin kwana kawai. Hira da dariya duk a lungun nan suke.

Sai baƙi suka fara cika layin. Yawanci tsofaffi ne masu fansho, waɗanda a ƙasarsu kuɗin ba ya kai su ƙarshen wata, nan kuwa su ci, su sha, har su ɗauki mai aiki. Komai suka taya sai ka ji, "Kai, araha!" Masu kanti kuwa kunnensu ƙalau.

A cikinsu akwai wanda layin ke kira Dogo, tsohon direban jirgin ƙasa, mai gurguwar magana da tsabtar zuciya. Kullum da hantsi zai zo da riguna a kafaɗa, ya zauna a benci yana kallon yadda Baba ke fitar da karin wando. Baba yana son sa ƙwarai, har tsokanarsa yake yi.

"Dogo, wandonka ɗaya gawayin mutum biyu yake ci."

Dogo ya yi ta ƙyaƙyata dariya. Shi ne ma ya jawo wa Baba abokansa, aiki ya yi yawa har igiya ta fara lanƙwasa.

To, akwai abin da duk ɗan haya a layin ya sani tun yana yaro: ba a yabon kasuwa a gaban maigida. In ya ce, "Ya ciniki?" sai ka ɓata fuska ka ce, "Sai a hankali." Wa zai koya wa Dogo wannan?

Ranar da maigidan ya biyo, Baba ya riga ya ɓata fuskarsa, sai Dogo ya miƙe tsaye, wai shi zai yi wa abokinsa kirki.

"Maigida, wannan mutum ya fi kowa ciniki! Mu duka nan muke zuwa. A garinmu, wuri irin wannan a bakin titi, haya sai attajiri."

Baba ya yi tari, ya taka masa ƙafa. Ina! Dogo sai ƙarawa yake yi. Maigida ya ƙare wa lungun kallo daga sama har ƙasa, ya yi murmushi ya wuce.

Ba a rufa wata ba aka ce Baba ya kwashe kayansa, ɗan ƙanen maigida zai buɗe wurin shan kofi na baƙi. Abin ya yi masa ciwo, wallahi ya yi masa ciwo, amma bai yi rigima ba. 'Yarsa ta ce, "Baba, ka dawo wajenmu bayan gari, akwai rumfa a ƙofar gida." Ya san can ba mai kai guga, kowa da hannunsa yake yi.

Da safen tashi, Dogo ya iso da riguna a kafaɗa, ya tarar ana ɗora teburi a baro. Ya yi turus. Baba ya karɓi rigunan ya ninke su da hannu, ya mayar masa. Bai gaya masa dalili ba, don ya san bawan Allahn nan ba zai iya barci ba in ya ji.

"Ina za ka, Baba?"

"Inda kuɗina zai ishe ni, abokina," in ji shi. "Ba haka kai ma ka yi ba?"