Layin da Injiniya Ya Ɗinke

Duk unguwar Injiniya ake ce masa, alhali mutumin tela ne, ko tayar keke bai taɓa kwancewa ba. Sunan ya bi shi ne tun yana aji huɗu a sakandare, lokacin da kansa ke ja a lissafi har malamai suna nuna shi da baki. A shekarar mahaifinsa ya rasu, ya bar shago da keken ɗinki da ƙanne biyar. Aka ce ya riƙe shagon wata uku, kafin a ga yadda za a yi. Yau shekara talatin da ɗaya ke nan ana ganin yadda za a yi.

Manyan 'ya'yansa uku duk sun kama gabansu, babu wanda ya gado son lamba. Sai Auta, da ke ajin ƙarshe, ta zaɓi lissafi mai zurfi, wanda yara ke gudu tun daga sunansa. Kullum ƙarfe huɗu take isowa shago. Shi kuwa sai ya ture yadin mutane gefe, ya goge teburin yanka da gefen hannu. Ita ke fitar da lambobi ta ɗiɗɗiga a takarda mai gida-gida, shi ke haɗa ɗigon da rularsa mai lanƙwasa, wadda yake fitar da hammatar riga da ita. Awa guda cur suke yi. Wanda ya zo karɓar ɗinki a wannan awar, sai dai ya zauna ya koyi lissafin dole.

Wata rana ta zo da takarda daga makaranta. An rubuta cewa ɗalibi na iya mallakar kalkuleta mai zane, wadda da ka danna mata lissafi take zana maka layinsa a fuskarta. An ƙara da cewa ba tilas ba ne.

Injiniya ya karanta "ba tilas ba ne" sau uku, da ƙarfi.

"Mu da muke da rula me za mu yi da ita? Wannan ai ta 'ya'yan da ubanninsu ba su iya komai ba ce."

Auta ta ce to, ta ninke takardar. A gida ne matarsa ta ɗauko zancen tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Baban yara, ka dai faɗi gaskiya, kishi kake da abu mai batir."

"Ni? Ilimin yarinya nake karewa."

"Awarka kake karewa. Je ka tambayi malamarta mana, in ka isa."

Washegari ya rufe shago da hantsi, ya sa rigar da ba ta da zare a jiki, ya tafi. Malamar lissafin 'yar siririya ce, ba ta fi sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta ba shi kujera a ofishin malamai, ta saurari jawabin da ya tsara tun a hanya: cewa hannu ya fi inji, cewa yaron da ya saba da dannawa kansa mutuwa yake yi.

"Gaskiyarka, Baba," in ji ta. "Za ta iya cin jarrabawa babu ita. Kuma ban taɓa ganin zane mai tsabta irin na 'yarka ba."

Har ya fara laluben hularsa a gwiwa, sai ta jawo takardu biyu daga cikin tuli. Ta farko ya gane ta nan take, aikin gida ne na makon jiya. Ɗige-ɗigen sun rabu gida biyu ranar, wasu sun yi sama, wasu sun yi ƙasa, tsakaninsu fili. Shi ya juya rula ya haɗe su da wani lanƙwasa mai kyau, har yana cewa tela ba ya barin ɗinki a buɗe. Yanzu ga jan biro ya zagaye daidai wurin.

"Wannan layin ba ya haɗuwa, Baba. Guntun sama yana ta hawa, yana matsowa kusa da layin tsakiya, amma ba zai taɓa shi ba har abada. Haka na ƙasan."

Ta biyun ta gwajin da aka yi a aji ce, kwana biyu kafin aikin gidan. Lissafi iri ɗaya. Zanen bai kai nasa santsi ba, amma a buɗe yake, kuma an ba shi maki cikakke.

"Kenan ta sani," ya ce.

"Ta sani."

"Tana kallo na ɗinke."

Malamar ta gyara takardun a kan tebur, ta ce abin da ke gaba duk irin wannan ne, layukan da ke tsinkewa, da masu hawa da sauka ba iyaka. Mai kalkuletar zai ga guda ashirin a lokacin da mai rula ke fama da ɗaya. Amma fa ba tilas ba ne.

"Na ji wannan," in ji Injiniya. "Na karanta sau uku."

Bai koma shago ba, ya zarce shagon kayan makaranta. Mai shagon ya so ya yi masa bayanin maɓallai, ya ce ya bari, mai ita ta fi su sani su biyun.

Ƙarfe huɗu Auta ta tarar da kwalin a kan teburin yanka. Ta dubi kwalin, ta dubi mahaifinta, shi kuwa ya duƙufa neman wani almakashi da ke hannunsa. Ta danna, layi ya fito a 'yar fuskar, siriri, gida biyu. Ya sa tabarau ya leƙa ta kafaɗarta. Ya daɗe yana bin guntun saman da ido har inda ya fice daga gilashin.

"Can ma bai tsaya ba?"

"Bai tsaya ba, Baba."

Aikin ranar lissafi shida ne. Ƙarfe huɗu da kwata ta gama, ta zuge jaka, ta miƙe tana cewa bari ta je ta taya Mama aiki. Har ta kai bakin ƙofa.

"Auta. Zo nan, maɓallin hannun rigarki na lilo."

Ta ɗaga hannun ta duba. Maɓallin lafiyarsa ƙalau, shi da kansa ya kafa shi da zare ninki huɗu. Ta ajiye jakar, ta jawo kujera kusa da shi, ta miƙa masa hannun. Ya yanke zaren da reza, ya buɗe akwatin zare, ya shiga neman kalar da ta dace, a hankali, ɗaya bayan ɗaya.