Kujerar Mai Kalangu

Karatu ne ya kawo ni Alƙahira, amma kalangun kakana da na cusa cikin kaya shi ya fitar da sunana. Ina haya da wasu ɗalibai a unguwar Madinat Nasr, sai wani Bamisire mai kaɗa jita, Husam, ya jiyo kiɗana ta taga, ya hawo bene yana haki. Ya ce, "Yalla, taso, kai muke nema."

Ƙungiyarsu kiɗan rok take yi, amma ba na rawa ba. Waƙa ɗaya sai ta kai tsawon huɗubar Juma'a, tana sauya taki, jita da fiyano da ganga suna karɓa-karɓa. Da kalanguna ya shiga, sai muka zama ba mu da na biyu. Daga garejin mota muka kai manyan zaurukan unguwar Zamalek, har jakadu na miƙewa su tafa mana. Wallahi mun iya, ko gobe zan faɗa.

Babbar waƙarmu tana da dogon wuri a tsakiya inda kalangu ke yin shiru, mai fiyano ya yi ta abinsa. Lokacin nake zamewa bayan dandamali, wai shan ruwa, inda makaɗa ke ajiye jakunkunansu. Da kwalbar turare na fara sata, sai agogo, sai wayoyi. Ba yunwa ba ce, son a ce ni ma ɗan gayu ne.

Ranar da dubuna ta cika, daɗin tafi ya kwashi Husam, ya katse fiyano ba shiri, ya nuna wurina in yi kiɗa ni kaɗai. Fitila ta haske kujerata, ba kowa. Mai gadi ya same ni da hannu dumu-dumu cikin jakar wata mawaƙiya.

A kurkuku na yi kuka, na tuba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne tunanin wani zai hau kujerata.

Da na fito, Husam na bakin ƙofa. Na ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, da wane ido zan dube ka?" Ya ce, "Khalas, ya wuce. Ba mu sa kowa a kujerarka ba. Amma ba ka ƙara tashi sai waƙa ta ƙare."

Matasa, ku ji tsoron ɗan lokacin nan da kuke ganin ba mai kallonku, a nan na kusa rasa komai. Yau mun zaga ƙasashe da kiɗanmu. In fiyano ya ɗauka, ina nan zaune daram, hannuwana bisa gwiwa, kowa na ganinsu.