Daktar da Ta Janye Maƙalarta Mafi Suna

Ƙarfe bakwai da kwata take shiga ɗakin gwaje-gwaje, yau shekara talatin da ɗaya. Kafin ta gaida kowa sai ta fara gaida firiza. Za ta duƙa ta karanta ma'aunin sanyi, ta kasa kunne ga kukan injin kamar uwa mai sauraren numfashin jaririnta, sannan ta sa farar riga da safar hannu, ta juyo ta ce, "To jama'a, kun tashi lafiya?" A cikin firizar nan akwai dubban ƙananan kwalabe na jinin yara, kowace da lambarta da rubutun hannunta. Fanninta garkuwar jiki, wato yadda jikin ɗan Adam yake koyon yaƙi da cuta bayan an yi masa allurar rigakafi. A takarda Dakta ce. Ɗalibai kuwa Mama Sake suke ce mata a bayan ido, don duk sakamakon da ka kai mata, komai kyansa, amsarta ɗaya ce: "Ya yi kyau. Je ka sake."

A duniyar masu bincike ba a auna mutum da guminsa. Ana ƙirga maƙalun da ya buga a mujallu, sannan a ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci aikinsa a nasu rubutun. Da wannan mudun ake ba da muƙamin farfesa. Sa'o'in Dakta suna da maƙalu ɗari da ɗoriya, ita nata ashirin da uku ne, saboda mai sake gwaji sau uku ba ya sauri. Amma ɗaya daga ciki ta yi suna. Wani gwajin jini ne mai sauƙi da ta ƙirƙiro, wanda ke nuna ko allura ta kama jikin yaro. An ambace ta fiye da sau ɗari huɗu, kuma ƙananan asibitoci sun ɗauki gwajin: yaron da aka ga allura ta kama shi, sai a sallame shi ba tare da ta biyu ba.

Wannan maƙala ita ce tsaninta. Shekarar da aka nemi ta miƙa takardunta ga kwamitin ƙarin girma, kowa ya san an gama. Maigidanta, tsohon malamin lissafi, har ya fara kiranta Farfesa idan yana son a ƙara masa shayi.

Saura mako biyu ta miƙa takardun, ta gwada wasu sababbin kwalabe da aka ɗebo da damina. Sakamakon bai yi mata ba. Ta sake, ta kuma sakewa. Sai abin ya fito fili: yaron da bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, gwajin yana nuna allura ta kama shi ko da ba ta kama ba. Jinin da ta yi aikin farko da shi duk da rani aka ɗebe shi, lokacin da zazzaɓi ya yi ƙaranci, kuma ba ta lura ba. Babu mujallar da ta gano, babu masanin da ya ɗaga yatsa. Ita kaɗai ta sani, sai Allah.

Shugaban sashensu na wancan lokacin shi ya ba da labarin abin da ya biyo baya, da bakinsa, a taron bankwanar ritayarta na makon jiya. Ya ce ta shigo ofishinsa ta ajiye masa wasiƙar janye maƙalar a tebur.

"Dakta, zauna tukuna," ya ce mata. "Ba na ce ki ɓoye ba. Wata uku kawai. Kwamiti ya zauna, a ba ki abinki, washegari ki janye. Wa ya mutu?"

"Shi ne abin da ban sani ba, ranka ya daɗe."

"Kin san in kika cire wannan me ya rage miki? Ko ɗalibinki na bara ya fi ki ambato."

"Na sani. Amma kowace safiya akwai uwar da ake ce wa ta koma gida, ɗanta ya samu kariya. Da sunana ake faɗa mata. A wata uku uwa nawa ke nan? Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

Ya ce ya dube ta, sai ya tambaye ta ko ta karya kumallo.

A gida ma ba ta tsira ba. Da la'asar ta tarar da maigidan a tsakar gida yana gyaran rediyonsa, ta zayyana masa komai. Ya sauke tabarau ya ce, "Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa ganin wanda ya ci jarrabawa ya dawo yana roƙon a rage masa maki ba. Sai a gidana."

"Malam, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Kin aika wasiƙar?"

"Gobe."

"Me ya hana yau? Tashi in kai ki gidan waya." A hanya ne ya ƙara da cewa shi dama sunan Farfesa ya yi masa nauyi a baki.

Ta janye maƙalar. Ba ta tsaya nan ba, ta bi asibitocin ɗaya bayan ɗaya, wasu ta waya, wasu da ƙafarta, tana cewa, "Ni ce na yi kuskure, ku kirawo yaran." Kwamiti ya zauna, ya wuce sunanta. Shekara huɗu ta ƙara kafin ta buga gyararren gwajin, wanda zuwa yau an ambace shi sau talatin da ɗaya. Mutane sun fi son labarin nasara a kan labarin gyara. Sau biyu ta sake neman muƙamin, sau biyu aka ce lambobinta ba su kai ba. Ta ji zafin abin, kada wani ya ce ba ta ji ba. Wata abokiyar aikinta ta ce akwai ranar da aka yi bikin sababbin farfesoshi, ta gan ta tana wanke kwalaben da tuni an wanke su.

Mama Sake, ke ce wadda ta fi son a ce ta yi kuskure da a ce ta yi shiru. Ke ce inuwar yaran da ba su san sunanki ba, kuma ba za su taɓa sani ba. Mama, mudun da aka auna ki da shi ya yi miki kaɗan.

A taron bankwanar, bayan jawabai, wata ma'aikaciyar jinya mai furfura ta nemi a ba ta minti ɗaya. Ta ce daga wani ƙaramin asibiti ta zo, mota biyu ta hau.

"Ni ban iya jawabi ba," ta ce. "Ranar da kika kira mu, na yi miki Allah ya isa a zuciyata, don sai da muka bi gida-gida har sati shida. Yara ɗari biyu da goma sha bakwai muka samo, muka yi musu ta biyu. Shekarar da ta biyo baya cutar da muke yi wa rigakafin ta shigo unguwarmu. A cikinsu ba mu binne ko ɗaya ba. Na zo ki yafe mini Allah ya isar."

Dakta ta rufe fuska da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa, ba a san ko dariya take ko kuka ba. Maigidan ya miƙa mata hankicinsa, shi kuma ya koma yana share nasa idon da hannun riga.

Tana Dakta ta shiga aikin nan, tana Dakta ta fita. Amma ta bar ɗalibai goma sha shida da suka zama masu bincike, kuma a ɗakunansu ba abin kunya ba ne mutum ya tashi ya ce na yi kuskure. Mun gode, Mama. Allah ya ƙara lafiya, ya sa hutun nan ya zama mai daɗi. Ku kuma masu tasowa, ku buga maƙalu, ku nemi ambato, halak ne. Sai dai ranar da kuka gano kuskure a aikinku, kada ku jira kwamiti ya zauna. Akwai uwar da ke kan hanyar komawa gida da ɗanta a baya, ta yarda da abin da kuka rubuta.