Falalu da Tokar Coci

Falalu mutumin wani ƙauye ne a gefen Ringim. Ya shigo Kano yana saurayi a saman motar albasa, ya yi yaron mota, ya ja tasi har ta mutu a hannunsa a hanyar Hotoro, sannan Allah ya haɗa shi da Mama Filomina. Ita tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kagoro, 'yar Katolika ta gaske. Mijinta ya rasu ya bar mata wani tsohon gida a Nassarawa GRA, mai rufin kwano da itatuwan mangwaro, wanda benayen alhazai suka sa a tsakiya. Falalu ya fi shekara ashirin yana jan ta. Shi da matarsa Uwa da 'ya'yansu a ɗakunan baya suke zaune, waɗanda ake ce wa boyis-kwata, kuma in ka ɗauke wannan wuri ba shi da inda zai nufa, don gonar gado ta daɗe da narkewa a hannun 'yan'uwa.

Kullum in ya idar da sallar Asuba sai ya goge mota ya kai Mama coci, wurin ibadar safe da suke kira Misa. Ya zauna a waje yana jan carbi, wani lokacin carbin ya ja shi zuwa gyangyaɗi. A cocinsu kowace rana da nassin da ake karantawa, Fada, limaminsu, ya yi ɗan bayani, kowa ya tafi yana bimbini a kai. To Mama ba ta iya bimbini a zuci ba. Da baki take yinsa, kuma ba ta da mai sauraro sai ƙeyar Falalu.

"Malam Falalu, ka ji abin da aka ce yau?"

"Ina ji, Mama."

Ba ta taɓa ce masa ya bar addininsa ba, shi ma bai taɓa ja mata ba. Shekarun farko ma ba ya ji, "to, Mama" kawai yake zubawa yana kauce wa ramuka. Daga baya ne ya lura da wani abu da ya gyara masa rayuwa: duk abin da Mama ta jiyo da safe, shi za ta wuni tana aikatawa, da dukan ƙarfinta, har ta kwanta. Ranar da aka yi maganar ciyar da mayunwata, sai a ɗora tukunyar biki, masu gadin layin kaf su ci su yi guzuri. Ranar da aka yi maganar tsabtace ɗakin ibada, sai a fito da kayan sito gaba ɗaya, kowa ya sha faɗa har kyanwa. Ranar da aka karanta labarin wani malalacin bawa kuwa, tsautsayi ya sa ta tarar da Kabiru mai shuke-shuke yana barci a gindin mangwaro, ya kuma ce mata shuka yake dubawa. Kafin azahar Kabiru ya ɗaure kayansa.

Tun daga nan Falalu ya zama mai hasashen yanayi na gidan. In ya doso ƙofa ya danna ham a hankali, Auwalu mai gadi ya san yau ranar rahama ce, mai buƙata ya kawo. In ya danna da ƙarfi, kowa ya nemi tsintsiya ya riƙe. Shi kansa bai taɓa roƙon komai da ka ba. Hutun zuwa Ringim, gyaran rufin ɗakinsa, sabbin tayoyi, duk sai da ya jira karatun da ya dace. Ya san lokacin da Fada ke sa tufa mai launin shunayya ta lokacin azuminsu, ya san nama zai yi wuya ran Juma'a. Yana alfahari da wannan ilimi nasa, kuma in gaskiya za a faɗa, yana ƙaunar tsohuwar, don ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa duka da hannunta.

Akwai wata al'ada ta cocin. Ganyen dabinon da aka sa wa albarka bara, wanda kowa ya kai gida ya saƙale a bango, ana tattara shi in azuminsu ya gabato, a ƙona, a shafa wa masu ibada tokar a goshi ranar da suke kira Larabar Toka. A shekarar da azuminsu ya zo kafaɗa da kafaɗa da Ramadan, Mama aka damƙa wa tattarawar, a matsayinta na shugabar zumuntar mata. Ta bi gida-gida har ta cika buhu biyu. Ta ce wa Falalu ya sa su a sito. Falalu ya nemi makullin sito bai gani ba, ga la'asar tana neman wucewa, sai ya jingine su a bakin boyis-kwata da niyyar ya dawo. Bai dawo ba, kuma bai gaya wa Uwa ko mene ne ba.

Ana saura mako guda a ƙona ganyen ya tuna. Ya je ya tarar da bango fayau.

"Uwa, ina buhunan da na ajiye a nan?"

"Na busasshen ganyen nan? Ai Allah ya saka maka da alheri, Malam. Ban taɓa ganin makamashi mai saurin kamawa irinsa ba."

"Duka?"

"Buhu biyu ne fa kawai. Kuma ka san gas ɗinmu ya ƙare."

Falalu ya zauna a kan turmi. Can sai wata dabara ta faɗo masa, har fuskarsa ta ɗan washe. "To, ai da sauƙi. Dama toka suke nema. Ina tokar?"

"Na tace ta," in ji Uwa. "Miyar kuɓewar da ka yi ƙari jiya, da ruwan me kake zaton na kaɗa ta? Har Mama na kai wa. Ta dawo da kwanon ta ce in an sake yi a tuna da ita."

Da ya yi mata bayani, Uwa ta dafe ƙirji ta yi ta salati. Ita ce ta kawo shawarar ya je kasuwa ya sayo busasshen ganyen dabino, wa zai gane? Falalu ya juya maganar, har ya tambayi farashi a ransa, amma ya kasa. Abin ibadar mutane ne. Shi ma ba zai so a ɗura masa ruwan famfo a gorar Zamzam ba. Gaskiya zai faɗa. Sai dai gaskiya irin wannan ba a faɗarta ranar da aka ga dama, in ba haka ba mutum ya bi sawun Kabiru. Zai jira ranar da za a karanta gafara. Ai coci ne, ba a daɗewa ba a taɓo ta ba.

Washegari ya kasa kunne kamar mai jiran sakamakon asibiti. Mama ta shigo mota tana cewa yau an koyar da su cewa abin da ya shiga cikin mutum ta baki ba shi ke ƙazantar da shi ba. Falalu ya kusa taka birki don murna. Wannan ai kamar da miyar Uwa ake. Ya gyara murya zai fara, sai Mama ta ɗora: abin da ke ƙazantarwa shi ne wanda mutum ya ɓoye a zuci, yaudara da munafunci. "Ni fa, Malam Falalu, ka kashe ni da gaskiya ya fi mini ka lallaɓa ni da rufa-rufa." Ranar ham ɗin da ya danna sai da Auwalu ya zabura daga benci.

Kashegari aka karanta labarin wani sarki da za a yage mulki daga gidansa saboda ya saki amana. Falalu ya ɗage maganar. Rana ta gaba ma ba ta zo da abin kirki ba. Ran Lahadi kuwa karatu ya zo daidai, wai mutum ya fara sulhu da ɗan'uwansa kafin ya miƙa baikonsa ga Allah. Mama ta fito fuskarta kamar an shafa mai. Amma ta fito da mata uku na zumunta da za a rage wa hanya, kuma daga cocin har Kawaji ba abin da suke yi sai yabon yadda Mama ta tara ganye fiye da na kowace shekara. Kafin a sauke ta ƙarshe, Mama ta yi barci.

Falalu ya rame a tsaye. Uwa ta fara haɗa kwanuka a kwali ba tare da ta ce masa komai ba, shi ma ya yi kamar bai gani ba.

Ran Talata Mama ta fito daga Misa da ƙarfinta. An yi maganar masu ido amma ba sa gani, masu kunne amma ba sa ji. Ta rufe da cewa, "In mun karya ka sa buhunan nan a but ɗin mota. Da yamma za a ƙona."

Falalu ya gangara gefen titi, ya tsaya a ƙarƙashin wata darbejiya, ya kashe mota. Bai juyo ba. Ya faɗi komai yana kallon sitiyari, tun daga makullin sito har zuwa miya.

Mama ta ce, "Miyar da na ce a ƙaro?"

"Ita, Mama."

"Yaushe ka sani?"

"An kwana biyu."

"Kullum muna cikin motar nan ni da kai. Me ya rufe maka baki?"

Da wani ne da ya ce tsoro, a wuce wurin. Amma Falalu ya riga ya kwance bakin jaka, sai komai ya zubo. Ya ce yana jiran ranar da za a karanta gafara ne. Ya gaya mata zancen ham, da yadda ya samu hutun Ringim, da tayoyi. Yana faɗa yana jin yana haƙa wa kansa rami, amma bakin ya ƙi tsayawa.

"Wato ni gafarata da ranarta take ci, kamar kasuwar ƙauye?"

"Ba haka ba ne, Mama. In kin yi alheri ba wanda ya kai ki. Sai dai..." Sannan ya ƙarasa, "Ba ya kwana ne. Gobe wani karatun ne."

Ya jira tsawa. Ba ta zo ba. Ya saci kallo ta madubi, ya ga ta juya tana kallon waje. Ya taɓa ganinta cikin fushi ba adadi, amma bai taɓa ganin magana ta shige ta haka ba, sai ya ji da ma korarsa ta yi.

"Juya," in ji ta. "Mu koma coci."

Ita kaɗai ta shiga wurin Fada. Abin da ta faɗa masa, Falalu bai sani ba har yau. Da ta fito suka kama hanya, gida-gida, tana roƙon ɗan abin da ya rage a bayan hotuna da saman ƙofofi. Mace mai girman kai irin Mama, ga ta a ƙofar matan da take shugabanta tana cewa ganyen ya salwanta a gidanta, laifinta ne. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Zuwa yamma sun haɗa abin da bai cika leda ba, Fada ya ce zai isa. Duk wunin nan ba ta ce wa Falalu komai ba sai "dama" da "hagu".

Ran Laraba ya kai ta coci kamar kullum. Ya zauna a mota, carbin ma ya kasa ja. Yana ta lissafin wa zai ba shi aiki da furfurar nan, da inda za su sauke kwalayen Uwa. Mutane suka fara fitowa da baƙin tabo a goshi, kowa shiru. Mama ta zo a ƙarshe, ta buɗe ƙofa da kanta ta zauna. Ba ta tambaye shi ko ya ji abin da aka ce yau ba.

"Malam Falalu."

"Na'am, Mama."

"Ka ce wa Uwa ta kwance kayanta. Na ga kwalayen ta taga. Ba inda za ku."

Ya buɗe baki zai yi godiya, ta ɗaga hannu.

"Tun jiya a gindin itacen nan na yafe maka. Na ƙi faɗa ne, ina so in ga ko za ta kwana."

Falalu ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Muryarsa ta fito ƙasa-ƙasa. "Ta kwana, Mama?"

"Da kyar," in ji ta. Ta gyara ɗankwalinta don kada ya goge tokar. "Gobe ma ka tambaye ni. Muje."

Ya tada mota, ya sa giya, ta ƙi motsi. Sai da ya share idonsa da hannun riga sannan ya ga bai sauke birkin hannu ba.