Inna Ta Ce Ba Ta Gan Ta Ba

Ina aji ɗaya a wata makarantar kwana ta 'yan mata a ƙasar Ƙanƙara aka kashe wata ɗaliba, aka kama yayata. Gara in faɗa tun yanzu, har yau ba a san wanda ya yi kisan ba. Wasu sun ce mutanen daji ne suka zo leƙen makarantar, ta gan su. Wasu sun ce wani ne daga cikin baƙin da suka shigo ranar. Wasu kuwa suka ce aljanu ne, don a makarantar 'yan mata ko cokali ne ya ɓata, aljanu ake ɗora wa. Ni abin da na sani shi ne ba Yaya ba ce, domin lokacin da aka yi abin tana zaune kusa da ni tana cin dambu.

Ranar ziyara ce. Innarmu ta taso da sassafe daga ƙauyenmu na bayan Sabuwa, ta biyo ta Faskari, ta iso mana da kwanon dambu da ƙullin ƙuli-ƙuli. Inna ba ta son taro, saboda haka ba mu zauna a filin da sauran iyaye suke baje tabarmi ba. Can bayan gidajen malamai muka nufa, gindin wata bishiyar bedi, inda ko akuya ba ta cika zuwa ba. Da na san abin da zaman nan zai jawo mana, da a tsakiyar fili na shimfiɗa tabarmar, ko da Inna za ta yi fushi.

Yaya ce 'yar fari a wurin Inna. Tun da aka yaye ta kakarmu ta ɗauke ta, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunanta ba. Ba ta kallonta, ba ta yi mata magana kai tsaye. In magana ta kama dole, sai ta ce “waccan”. A ƙauyenmu ba wanda yake ganin wannan abin mamaki ne, kunya ce, kuma yabon Inna ake yi a kai. Don haka ziyararmu kullum iri ɗaya ce. Inna ta zauna tana fuskantata, Yaya ta zauna a bayanta, ni kuma in zama 'yar aike tsakanin mutum biyun da in ɗaya ta miƙa hannu za ta taɓa ɗaya.

“Hwaɗa ma waccan ta ci abinci, ba kallo aka kawo mata ba,” in ji Inna.

“Yaya, wai ki ci.”

“Ce mata na gode.”

A kan tabarmar muka yi sallar azahar, muka ci gaba da zama har aka kira la'asar. Inna ta tattara kayanta da sauri, don hanyarmu ba a bin ta da yamma. Muka raka ta bakin ƙofa, muna dawowa muka ji ihu daga wajen tsohon banɗaki, kusa da katanga.

Yarinyar da aka kashe 'yar aji shida ce, ita ce firifet mai kula da famfo. An gan ta a masallaci da azahar, da la'asar aka tsince ta kwance, an buge ta a ƙeya. A gefenta akwai shuɗin bokiti, da sunan Yaya rubuce da fenti a jikinsa. Da safen ranar sun yi faɗa a bakin famfo. Yaya ta tsallake layi don tana sauri ta yi wanka kafin Inna ta iso, firifet ta ƙwace bokitin, Yaya kuwa da bakinta ba ya shiru ta ce a gaban kowa, “Wallahi yau sai kin gane kurenki.” Kalmar da ake faɗa sau babu adadi a makarantar nan kowace rana, ranar sai ta zama shaida. Washegari 'yan sanda suka tafi da Yaya, takalmi ɗaya a ƙafarta, ɗayan yana hannunta.

Na bi malamai ina kuka har aka kai ni gaban jami'in da ke binciken. Na faɗa masa duk inda muka zauna. Ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, sannan ya ce, “Ke ƙanwarta ce, ai dole ki faɗi haka. Akwai babban da ya gan ta?” Na ce Innarmu. Har wani sanyi na ji a raina, na ce shi ke nan magana ta ƙare.

Aka aika, Inna ta zo tare da Baffa, yayan mahaifinmu, wanda yake riƙe da gidanmu tun rasuwar Baba. Aka bar ni a waje a kan benci. Ba su daɗe ba suka fito, jami'in yana biye da su. Ya dube ni da tausayi ya ce, “Yarinya, mahaifiyarku ta ce ba ta gan ta ba.”

Na ɗauka kunnena ne. Na kama rigar Baffa ina tambayarsa, shi kuwa ko a jikinsa.

“To mi kike so ta ce?” in ji shi. “Ga baƙon namiji, ga ni zaune, a tambaye ta ko ta ga ɗiyar hwari? Ai ta yi abin da ya kamata. Shi ma Bahaushe ne, ya san nuhinta.”

Bahaushe ne, amma abin da ya ji shi ya rubuta. Uwa da bakinta ta ce 'yarta ba ta wurin. Maganata ta zama ƙarya, ta Yaya ma ta zama ƙarya, kuma wanda aka kama da ƙarya a maganar kisa kowa ya san abin da ake ɗaukarsa.

Aka rufe makarantar, aka sallami kowa. Na koma gida tare da su, Yaya tana can a kulle. Kwanakin nan ban taɓa jin baƙin ciki irinsu ba. Inna tana daka, tana shara, tana tuƙa tuwo, amma ba ta kai loma bakinta. Ni kuma na zame mata ƙarfen ƙafa. In ta shiga madafi ina nan, in ta fita bakin rijiya ina nan.

“Inna, don Allah, kin gan ta ko ba ki gan ta ba?”

“Ke, tashi ki ba ni wuri.”

Na je wurin kakarmu. Tsohuwa ta jawo sandarta ta ce a kai ta Ƙanƙara, ita ta gan ta da idonta. Matar da ko ranar ziyarar ba ta sani ba, kuma idon nata ma da ƙyar yake bambance mutum da turmi. Sai da Baffa ya zaunar da ita. Na je wurin liman, ya ce a yi ta addu'a. Na je wurin Baffa, ya ce in bar manya su yi abin da ya dace. Manyan kuwa zama suke a zaure suna jinjina kai, kowa yana cewa ai gaskiya za ta fito, ba wanda ya ce ga mai fito da ita.

Sai wani maƙwabcinmu ɗan kabu-kabu ya dawo da labari cewa kafin mako ya ƙare za a wuce da Yaya Katsina, a kai ta kotu, daga nan sai gidan yari. Na tarar da Inna tana tuƙin tuwo. Ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

“In sun rataye ta aka kawo maki gawar, ita ma sai ki ce ba ki gan ta ba!”

Na runtse ido ina jiran mari, don na cancanta. Ba ta mare ni ba. Muciyar ce ta faɗi daga hannunta, ta tsaya tana kallon tukunya har tuwon ya kama. Ranar ba wanda ya ci abinci a gidanmu.

Da gari ya waye na gan ta a tsakar gida da mayafinta, da kwanon nan na dambu a ɗaure cikin tsumma. Ta ce, “Je ki ce ma Baffanku ya hito, za mu tahi.”

A Faskari muka tarar motoci sun yi cirko-cirko. Direbobi suka ce an ga mutanen daji a kan hanya da safe, ba mai wucewa sai an ji labari. Muka zauna a tasha, rana tana ta ɗagawa, ni kuwa duk motar da na hango sai in ga kamar ita ce ta ɗauki Yaya. Baffa ya ce mu koma, gobe ma rana ce. Inna kuwa ta miƙe. Matar da ba ta taɓa yarda ta hau babur ba, ita ce ta taka da kanta wurin 'yan kabu-kabu. Ni da ita muka hau ɗaya, Baffa ya hau wani yana ta salati, muka yanki hanyar gonaki. Dawa ta yi tsawo, ba ka ganin abin da ke gabanka, mai babur ɗin ya ce kada wanda ya yi magana. Na ƙanƙame Inna, ita kuma ta ƙanƙame kwanon.

Mun isa ofishin 'yan sanda bayan azahar, ƙafafunmu duk taɓo. Ba a wuce da ita ba tukuna. Wannan karon na ƙi zama a benci, na shige bayan Inna, ba wanda ya kore ni.

“Na zo in gyara maganata,” in ji Inna, kanta a ƙasa. “Na gan ta.”

Jami'in ya ajiye alƙalaminsa. “Baiwar Allah, ran nan kin ce ba ki gan ta ba, yau kin ce kin gan ta. Wanne zan ɗauka? Kowace uwa ta ji za a kai 'yarta kotu sai ta sauya magana. Kuma wannan yarinyar da kanta ta ce baya kika ba ta tun daga farko har ƙarshe. Da ƙeya kika gan ta?”

Gaskiyarsa, ni na faɗa masa haka. Inna ta kwance tsumman, ta ɗauke murfin kwanon, irin farin murfin nan mai ƙyalli. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta jingina shi da kwanon a kan teburinsa, ta ɗan karkata shi.

“Duba nan,” ta ce.

Ya leƙa. A cikin murfin ga wata 'yar sanda da ke tsaye a bayansa, har da hularta.

“Haka nike ganinta,” in ji Inna. “Tun tana aji ɗaya.”

Daga nan magana ta ɓalle mata, ba ta ko numfasawa. Ta ce bakin hijabinta ya ƙone da guga ta wajen hagu. Ta ce ta cire takalmin dama saboda akwai ciwo a diddigenta, tana ta kore ƙuda daga wurin. Ta ce da gefe ɗaya take tauna, haƙori yana damunta amma ta ɓoye. Ta tsince albasar dambun ta tara a gefen tabarma. Bayan azahar ta jingina da bishiya ta yi gyangyaɗi, ta farka ta ƙara cin abinci kaɗan. “Ta rame,” in ji Inna. “Ba ta tashi daga wurin ba sai da aka kira la'asar. Ko ruwa ba ta je sha ba.”

Ni da nake fuskantar Yaya wuni guda ban ga ciwon ba, ban san da haƙorin ba. Kuka kawai nake yi, ban ma san na mene ne ba.

Jami'in ya tura 'yar sandar ta je ta duba. Ta dawo ta gyaɗa masa kai, ta ce da ciwon da ƙunar hijabin da haƙorin duk suna nan. Ya daɗe yana kallon murfin. Sannan ya ce zai ba da ita beli a hannun Baffa, ba za a kai ta Katsina ba, amma sai an sake rubuta maganar Inna daga farko. Ya ce wa 'yar sandar ta je ta taho da ita, ya ɗauki alƙalami.

“Wa kika gani ranar?”

“Waccan da ke ciki.”

“Mata da yawa ne a ciki. Suna nake so, kuma daga bakinki.”

Baffa ya miƙe zai fita don ya ba ta wuri, jami'in ya ce ya zauna, shi ne shaida. Na dubi Inna. Ta motsa leɓe, ba wanda ya ji. Jami'in ya ce ta ɗaga murya. Sai ta faɗa, sunan yanka gaba ɗaya, har da na mahaifinmu a bayansa. Sunan da nake ji kullum, amma a bakinta sai na ji shi kamar na wata baƙuwa.

Ashe an riga an kawo Yaya bakin ƙofa, kuma ba wanda ya gaya mata dalilin fito da ita. Ta ji sunanta daga bakin Inna. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa, idanunta sun firfito, ta dubi Baffa.

“Baffa, kashe ni za a yi ko?”

Kafin Baffa ya buɗe baki, Inna ta juya gaba ɗaya, ta dube ta ido cikin ido a gaban kowa.

“Ba mai kashe ki,” ta ce. “Tashi mu tahi gida.”

Yaya ta yunƙura za ta tashi. Na taso zan kama ta, Inna ta riga ni.