Yashin Ƙarƙashin Gada

Jiya ina soya wa yara gyaɗa, ludayi na karzar yashi a cikin kasko, sai wannan 'yar ƙarar ta mayar da ni ƙauyenmu, can wajen Zango.

Kakata gyaɗa take soyawa, kuma ba ta yarda da kowane yashi sai na ƙarƙashin gada. Ta ce shi ne mai laushi, babu kashin awaki. Ni take aika da ƙwarya. In durƙusa a gindin ginshiƙi, wurin da sanyi, in yi ta yaƙutowa da hannu. Masu amalanke ma nan suke ɗiba da shebur su kai wa magina, har ramin ya kai babban mutum ya tsaya ciki. Ba wanda ya ga aibu. Yashi ne, na Allah.

Wata damina aka kwana biyu ana ruwa. Ranar kasuwar Mai'adua Baba ya fita a motar haya. Bayan la'asar muka ji ƙara kamar katanga ta zube. Aka ce gada ta rufta da mota a kai. Wace mota, ba a sani ba.

Inna ta zauna bakin ƙofa tana jan carbi. Ni kuwa na shige bayan rumbu, ina tuna kowace ƙwarya da na ɗebo. Nan Kaka ta same ni.

Na ce, "Ni na ƙwaƙule ta."

"Ke, da wannan ɗan hannun?" Ta kama hannuna. "To in ke ce, ni ce. Tashi mu yi wa babanki addu'a."

Sai gab da magariba aka hango Baba a tsallake yana ɗaga hula. Motar hatsi ce ta faɗa, direban ya tsira da karaya. Daga baya ma'aikata suka ce ruwa ne ya tarar da gindin ginshiƙin a tone, ga lodi ya yi yawa. Kaka ba ta sake aikena can ba.

An gina sabuwar gada tuni. Amma yanzu tifa ke ɗibar yashin, ba amalanke ba, kuma ina ganinta. Makon jiya muka bi ta kan gadar a ƙafa da autata, za mu gaida Inna. Ban san bakina na ta motsi da addu'a ba, sai da ta ja zanena.

"Umma, sassauta min hannu, zafi. Ai mun ƙetare."